Sharhi a Kan Robar Atisayen Naushin Iska Ga Mai Koyon Damben Boksin Shi Kaɗai

A shagunan kayan wasanni na Sabon Gari a Kano, da kuma shafukan masu sayar da kaya ta intanet, ana samun wata roba da aka ƙera musamman domin masu atisayen naushin iska, wato atisayen da ɗan damben boksin yake yi shi kaɗai, babu abokin karawa, babu kuma buhun da zai daka. Siffarta ba ta da wuyar bayani. Doguwar roba ce mai rami a ciki, da mariƙi a kowane ƙarshe, sai wani ɗan faffaɗan matashi na yadi a tsakiyarta wanda yake kwanciya a gadon baya, ƙasa kaɗan da allon kafaɗa. Mutum yakan ratayo ta ta baya, ya zaro ƙarshenta biyu ta ƙarƙashin hammata, ya riƙe, sannan ya shiga kai naushi, ita kuma robar tana janyo masa hannu baya. Masana'antu da yawa ne suke yin ta, wasu ma ko suna ba sa sanyawa a jikinta, amma alkawarin da ake rubutawa a kwali kusan guda ne, wato ƙarfin naushi da saurin hannu da juriya. Na yi amfani da iri biyu, tsirarar roba da kuma wadda aka sa wa rigar yadi, tun daga lokacin hunturu har cikin bazara, kuma abin da na gani shi ne ta cika alkawarin juriya, ta ɗan taɓuka wani abu a wajen sauri, amma ba ta da hannu a ƙarfin naushi. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa shi ne tana iya ɓata wa sabon shiga hannu ba tare da ya ankara ba.

Kafin a yi wa robar hukunci, ya kamata a tuna dalilin da ya sa ake yin naushin iska tun asali. Masu tarihin boksin da dama suna danganta shigar da wannan atisaye cikin horo ga George Dixon, mutumin Halifax ta ƙasar Kanada, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya a boksin, a shekarar 1890, kuma tun daga wancan zamani har yau da wuya a shiga gidan horo na gaske a tarar ba a yinsa. Abin da ya ba shi wannan daraja shi ne rashin abin daka. Idan mutum yana gaban buhu, hankalinsa yakan koma kan ƙarar dukan da nauyinsa, idan kuma yana gaban abokin karawa, tsoron abin da zai dawo masa ne yake tafiyar da shi. Amma idan iska kaɗai ce a gabansa, sai ya sami sararin lura da inda ƙafafunsa suke, da yadda ƙugunsa yake juyawa, da ko haɓarsa tana sunkuye a bayan kafaɗa, da kuma hanyar da hannunsa yake bi wajen fita da wajen komawa. Saboda haka duk wani kayan aiki da za a shigo da shi cikin wannan atisaye, tambayar farko da za a yi a kansa ita ce ko yana taimakon wannan lura, ko kuwa yana kawar da ita.

Batun ƙarfin naushi shi ne mafi sauƙin warwarewa. Naushi mai nauyi daga ƙasa yake tasowa: ƙafar baya ta tokari ƙasa, diddige ya juya, ƙugu ya biyo, kafaɗa ta biyo ƙugu, sannan hannu ya isar da saƙon da jiki gaba ɗaya ya aiko. Ita kuwa wannan roba a bayan mai naushin take maƙale, kuma a hannunsa take ƙarewa, don haka duk jan da take yi tsakanin gadon baya da dunƙulen hannu yake tsayawa. Ƙafa ba ta san ana yi ba, ƙugu ma bai ji wani ƙarin nauyi ba, sai dai ƙirji da gaban kafaɗa da naman bayan damtse su ne suke ɗaukar wahalar. Da a ce an ɗaure roba a jikin turke ko ginshiƙi a bayan mutum, ya zamana sai ya tokari ƙasa kafin ya iya miƙa ta, da an ce jiki duka ya shiga aikin. Wannan kuwa ba haka aka yi ta ba, kuma duk wanda ya saye ta da fatan naushinsa zai ƙara nauyi, to ya sayi abin da zai ƙarfafa ɓangaren da ya fi ƙarancin gudummawa a cikin naushin.

Akwai kuma yanayin jan da kansa. Ɗabi'ar roba ce ta yi sako-sako a farko, ta riƙa ƙara tauri gwargwadon yadda ake miƙa ta, har ta kai matuƙar ƙarfinta a daidai lokacin da hannu ya gama miƙewa. Wannan wuri kuwa shi ne inda ake son dunƙulen hannu ya kasance cikin mafi tsananin gudu, ya taɓa ya janye. Da roba a hannu, naushin yakan fita da sauri sannan ya yi sanyi a ƙarshe, sai mai atisayen ya shiga danna hannu gaba da ƙarfin kafaɗa domin ya kai shi inda ya nufa. A hankali jiki yakan saba da tura naushi maimakon harba shi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe wa ɗan dambe faifan soson da ake tare naushi da shi ya san bambancin waɗannan biyu tun daga ƙararsu, domin turarren naushi yana tunkuɗa hannun mai riƙon ne kawai, harbabben kuwa yana ratsa shi har gwiwar hannu. Gwargwadon taurin robar, gwargwadon yadda wannan illa take bayyana, kuma abin takaici shi ne matasa sun fi son mafi tauri, saboda ita ce take sa mutum ya ji a jikinsa cewa ya yi aiki.

Babbar matsalar dai tana wajen dawowar hannu, kuma a nan ne ya dace mai niyyar saye ya fi tsayawa ya yi tunani. A damben boksin, rabin naushi shi ne komawarsa. Hannun da ya fita ya bar gefen fuska a buɗe, kuma muddin bai koma kusa da kumatu ta hanyar da ya fito ba, cikin saurin da ya fita da shi, to abokin karawa ya sami ƙofa. Wannan komawa aiki ne na naman baya da bayan kafaɗa da gaban damtse, kuma aiki ne da ake koya wa jiki ta hanyar maimaici har ya zama yana yinsa ba tare da tunani ba. Robar ta ɗauke wa mutum wannan aiki kacokan. Da zarar hannu ya miƙe, ita ce take fizgo shi, mai atisayen kuma bai yi komai ba illa ya saki jiki ya bar ta ta yi. Masu tallata ta suna cewa tana koyar da saurin mayar da hannu, kuma lallai idan aka kalli mutum yana sanye da ita za a ga hannunsa yana komawa da sauri ƙwarai, sai dai saurin na robar ne, kuma ba a shiga fage da ita.

Na ga wannan da idona a jikin wani matashi da muke atisaye tare, wanda ya ɗauki robar da zafi yana yin kusan duk turamensa da ita. Mun jingina waya a kan kujera daidai tsayin ƙirji, muka ɗauki bidiyonsa daga gefe da tsarin nan na rage gudu, wanda wayoyin yanzu da yawa suke yi da hoto 120 ko 240 a sakan guda. A turmin da ya yi da roba, miƙaƙƙen naushinsa na dama ya fita ya koma a kan layi ɗaya, babu abin kushewa. Da ya tuɓe ta ya sake wani turmin, sai bidiyon ya nuna abin da ido ba ya kamawa a gudun da aka saba: hannun ya miƙe, ya ɗan dakata a can kamar yana jiran a zo a ɗauko shi, sannan ya sauko zuwa daidai ƙirji, ya yi rabin da'ira ta ƙasa kafin ya hau zuwa kumatu. A tsawon wannan tafiya gefen haɓarsa na dama a buɗe yake sarai, kuma wannan shi ne gurbin da lanƙwasasshen naushin hagu na abokin karawa yake nema. Gyaran bai zo ba sai da ya ajiye robar na wani lokaci, ya koma gaban madubi yana kai naushi a hankali, yana tabbatar da cewa babban yatsansa ya taɓa kumatu bayan kowane ɗaya kafin ya saki na gaba.

A wajen lanƙwasasshen naushi, wato wanda ake kaiwa ta gefe da gwiwar hannu a ɗage, robar ba ta da wani amfani da zan iya nunawa. Naushin yana tafiya ne a lanƙwashe kamar bakan harbi, ita kuwa tana ja ne kai-tsaye zuwa baya, don haka ba ta tare shi ta fuskar da yake tafiya, sai dai ta riƙa danno gwiwar hannu ƙasa, tana kuma gurzar hammata da gefen haƙarƙari. Naushin da ake ɗagowa daga ƙasa zuwa haɓa ya ɗan fi dacewa da ita, amma shi ma ƙarfinsa daga gwiwa da ƙugu yake, waɗanda robar ba ta taɓawa. Ke nan a cikin naushi shida da ake koya wa ɗalibi da lambobi, daga 1 zuwa 6, biyun farko ne kawai, miƙaƙƙen na hannun gaba da miƙaƙƙen na hannun baya, suke tafiya a layin da robar take ja.

Duk da haka ba zan ce a jefar da ita ba, domin akwai inda ta yi rawar gani, musamman idan aka kwatanta ta da abin da mutane suka fi yi, wato riƙe ƙananan ƙarafan motsa jiki na kilo ɗaya ko biyu suna naushin iska da su. Nauyin ƙarfe ƙasa yake ja, ba baya ba, saboda haka yana gajiyar da kafaɗa ne wajen hana hannu faɗuwa, sannan idan aka harba naushi da gudu, nauyin yakan wuce da hannun ya fizgi gwiwar hannu a ƙarshen miƙewarta, abin da yake jawo wa mutane da yawa ciwo a wannan gaɓa. Robar aƙalla tana ja ne a layin da naushin yake bi, kuma taurin nan nata na ƙarshe, wanda na kushe a sama, yana da fa'ida guda: yana taka wa hannu birki kafin gwiwar ta ƙame. Ga wanda ya fara manyanta, ko wanda gwiwar hannunsa take yi masa tsami bayan naushin iska mai zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kuma yake neman ɗan nauyi a hannu ba tare da ya sayi komai ba, safar damben da yake atisaye da ita ta wadatar, domin mai oza 16 tana kai kimanin giram 450, kuma nauyi ne da jikinsa zai sake haɗuwa da shi a gaban buhu da gaban abokin karawa.

Juriya ita ce ainihin abin da robar take sayarwa da gaskiya. A gasar 'yan damben da ba su zama ƙwararru ba, irin ta Olamfik, maza suna yin turmi uku ne na minti uku-uku, da hutun minti ɗaya a tsakani, kuma abin da ya fi kayar da sababbin shiga a turmi na uku shi ne kafaɗun da suka yi nauyi har hannu ya kasa tsayawa a fuska. Turmi ɗaya na miƙaƙƙen naushi da wannan roba yana kawo wa kafaɗa irin wannan gajiya cikin ɗan lokaci, a cikin ɗaki, ba tare da buhu ko wani fili mai faɗi ba, kuma yana tilasta wa mutum ya koyi fitar da numfashi tare da kowane naushi, domin wanda ya riƙe numfashi ba zai kai ƙarshen mintin farko da daɗi ba. Tana kuma shiga aljihun jaka, ba ta ƙara, ba ta buƙatar a huda bango ko a rataya wani abu a rufi, wanda hakan yana da amfani ga ɗalibin da yake zaune a ɗakin kwanan makaranta, ko mai haya a gidan da mai shi ba zai yarda a kafa ƙugiya a silin ba.

Ga 'yan damben gargajiya kuwa, ban ga abin da za ta ƙara musu ba. Ɗan dambe yana duka ne da hannu ɗaya wanda aka naɗe da kara, ɗayan kuma a miƙe yake gaba yana aikin garkuwa da auna tazara, kuma dukan nasa yakan taso daga can baya ya zagayo da nauyin jiki gaba ɗaya, daga tsayuwa mai faɗi. Robar da aka yi domin hannu biyu masu fita daga kumatu a miƙe ba ta dace da wannan tsari ba ko kaɗan, domin za ta riƙa janye hannun garkuwa daga inda ake son ya tsaya, ta kuma hana hannun duka yin nisan da yake buƙata kafin ya taso.

Game da ingancin ƙira, bambancin da yake tsakanin iri biyun da na gwada ya isa a yi magana a kansa. Tsirarar robar ta fi laushi da daɗin miƙewa, kuma ana ganin duk wata tsaga da ta fara bayyana a jikinta, amma idan ta tsinke babu abin da zai tare ta. Yawanci a gindin mariƙi take fara cin kanta, inda aka cusa ta a cikin maɗauri, kuma tsinkewar takan zo ne lokacin da hannu yake a miƙe, sai ƙarshenta ya dawo kamar danƙon harbin tsuntsu, a wurin da bai da nisa da ido. Mai rigar yadi ta magance wannan haɗari, domin ko robar ta tsinke a cikin rigar za ta tsaya, sai dai rigar tana ɓoye lalacewa har sai ranar da abin ya faru, sannan tana da iyakar da ba ta wucewa. Mai dogon hannu zai iya isa wannan iyaka kafin naushinsa ya gama miƙewa, ya ji an tsayar da shi cak, kuma idan ya ci gaba da atisaye a haka zai saba da gajeren naushi. Duk da wannan, ita nake ba da shawarar a saya, muddin an gwada tsawonta.

Tsawon ma wata matsala ce da masu ƙira ba su ba ta kulawar da ta dace ba. Waɗanda na gwada ba su da wurin ragewa ko ƙarawa, don haka roba ɗaya takan yi wa mai faɗin ƙirji da dogon hannu tauri fiye da kima, ta kuma yi wa ƙaramin yaro sako-sako har rabin naushinsa ya wuce kafin ta fara ja. Wannan ne ya sa lambar nauyin da ake bugawa a kwali ba ta da wata ma'ana tsayayya, tunda ƙarfin jan ya dogara ne da nisan da aka miƙa ta, haka kuma launin da ake bambanta masu tauri da masu laushi da shi ba ɗaya ba ne daga wata masana'anta zuwa wata. Mariƙin soso yana da daɗi a hannu a farkon atisaye, amma da zarar ya sha gumi sai ya fara santsi yana juyawa, kuma kaurinsa yana hana yatsu dunƙulewa sosai, har wuyan hannu ya riƙa lanƙwashewa baya idan an gaji. Irin da aka yi wa madauki na yadi da ake zura tafin hannu a ciki ya fi dacewa da mai naɗe da bandeji, saboda yana barin hannu ya dunƙule yadda zai dunƙule a cikin safa.

Yanayinmu ba ya yi wa irin wannan roba sauƙi. Zafin rana da haskenta suna busar da ita su sa ta tsattsage, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, barin ta a cikin mota ko a kan igiyar shanya hanya ce ta gajarta kwananta. Man shafawa mai asalin fetur, irin wanda kowa yake mulka wa jiki da hunturu, shi ma yana cin roba, don haka wanda ya shafa mai a hannu da ƙirji ya kamata ya sa riga ya kuma goge hannunsa kafin ya ɗauke ta. Bayan atisaye a goge ta da ɗanyen tsumma, a bar ta ta bushe a inuwa, a ajiye ta a kwance ba tare da an ƙulle ta ba. Ita ma wadda ta daɗe a rataye a bakin shago tana shan rana ta riga ta tsufa tun kafin a saye ta, kuma ana gane hakan idan aka ɗan ja ta aka ga ƙananan tsagogi masu fari-fari a jikinta.

Yadda na ga ta fi amfani shi ne a ba ta ɗan gurbi a tsakiyar atisaye, kada ta zama ita ce atisayen. Mutum ya fara da turame biyu ko uku hannu sake, a hankali, yana lura da ƙafa da ƙugu da haɓa, yana kuma ƙaddara abokin karawa a gabansa wanda yake matsowa yana kai masa duka, domin ya riƙa gocewa da ja da baya da zagayawa. Daga nan ya ɗauki roba mafi laushi ya yi turmi ɗaya ko biyu na miƙaƙƙen naushi kawai, yana ƙoƙarin riga robar dawo da hannu maimakon ya jira ta, kuma da zarar ya ga gwiwar hannunsa ta fara buɗewa gefe ko kafaɗarsa ta hau kunne, ya ajiye ta ko da minti ukun bai cika ba. Turamen ƙarshe dole su kasance babu roba, saboda abin da jiki ya yi a ƙarshe shi ya fi riƙewa, kuma a nan ne za a ji ɗan sauƙin nan da hannu yake yi bayan an sauke masa ja, wanda yake sa naushi ya fita da zafi na ɗan lokaci. Wanda bai kai ga tsayuwarsa ta zauna ba, kuma hannunsa bai saba komawa kumatu da kansa ba, gara ya sa kuɗin a madubi mai tsayin mutum, ko a ɗan abin da zai riƙe masa waya a tsaye yayin ɗaukar bidiyo.

Wanda ya yanke shawarar saye ya roƙi mai shago ya buɗe masa kwalin, ya rataya ta yadda zai yi amfani da ita, ya miƙa hannu har ƙarshe ya ji ko rigar yadin ta tsayar da shi, sannan ya duba ɗinkin da ya haɗa mariƙi da roba, domin idan layi ɗaya ne na zare ba zai yi ƙarko ba. Takardar bayanin da take zuwa a cikin kwalin kuwa kada a koyi tsayuwa daga gare ta. A cikin wadda na samu, mutumin da aka zana yana kai naushin hagu ne da haɓa a sama, ƙafafunsa a jere a layi ɗaya, hannunsa na dama kuma yana can daidai ƙugu.